Kunnen Aikin Yaya

Yayana bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta roba irin ta yara. Na fara da wannan ne domin akwai wata takarda mai hatimi da ta ce ya riƙe, har ma ya saita ta a kan mutane. Ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, ni ce autar gidanmu, wanki da guga ne sana'ata, kuma duk wanda ya san ni ya san magana ba ta kwana a cikina. To bari in gaya muku ko wane ne Yaya.

Aikinsa sauraron ruwa. Kada ku yi dariya, aiki ne sosai, shekara talatin da ɗaya ya yi a kansa a hukumar ruwa kafin ya yi ritaya. Idan bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ba kullum ruwan ke fitowa sama a gan shi ba. Wani lokaci sai ya samu hanya ya sulale ta ƙasa, unguwa ta wayi gari famfo ya ƙafe, titi kuma busasshe ƙayau. A nan ne ake neman Yaya. Yana da wata sandar ƙarfe siririya, tsawonta ya kai kafaɗarsa, an ƙwama mata kan katako kamar ƙaramin kofi. Sai ya kafa tsininta a ƙasa, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya karkato ta, ya manna katakon a kunnensa na dama. Na hagu kuma ya toshe shi da auduga, ya rufe ido. Ya yi shiru kamar minti ɗaya, ya tashi, ya yi taku biyar, ya sake durƙusawa. Inda ya ji abin da yake nema sai ya zaro alli daga aljihu, ya zana da'ira a kan kwalta, ya ce da masu haƙa, “Nan.” Ba ya ƙara kalma. Masu haƙa suna son fita da shi, domin da shi rami ɗaya ake yi a tashi.

Kunnuwan nan nasa ba ɗaya suke ba. Tun muna yara na hagu ya yi ciwo, ya warke da rauni: yana jin magana idan an ɗan ɗaga murya, amma ba ya kama abu siriri. Na dama kuwa, Allah ya tara masa duk abin da ya rage wa ɗayan. Muna zaune a tsakar gida zai ce, “Ga Baba nan,” alhali keken Baba bai ma shigo layinmu ba. Yakan ja kunnen dama ya ce, “Wannan na aiki ne.” Ya ja na hagu ya ce, “Wannan kuma na ajiye wa surutunki, Auta, ya ishe shi.”

Ko aurensa ma kunnen nan ne ya yi masa. Ranar da ya fara zuwa gaida mahaifin Anti, matarsa, an shimfiɗa masa tabarma, ana jira a ji me ya kawo shi, sai ya karkatar da kai ya yi tsit. Can ya ce, “Baba, akwai yoyo a ƙarƙashin ɗakin nan.” Abokin da ya raka shi ya ji kamar ya nutse. Tsohon ya sa aka fasa siminti don ya kunyata shi, sai ga ruwa ya ci rabin tushen bango. Har ya rasu yana cewa bai ba da 'yarsa ga mai baki ba, ya ba da ita ga mai kunne. Sun haifi 'ya'ya mata uku, duk sun gado ni a surutu, don haka Yaya ya ƙare rayuwarsa a cikin hayaniya yana murmushi yana juya mana hagu.

Da rikici ya iso garinmu, sojoji suka kafa shinge a mahaɗar da ke saman layinmu. Buhunan yashi, ganguna, tayoyi, da wata 'yar rumfar kwano. Aka sa dokar hana fita daga shida na yamma zuwa shida na safe. Da farko ko tari ba ma yi da ƙarfi, daga baya muka saba, har na zama mai yi musu wanki. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: ba dodanni ba ne, mutane ne masu jin tsoro, kuma mai jin tsoro da bindiga a hannu ya fi dodo haɗari. Mako guda kafin abin da zan gaya muku ya faru, wani abu da aka binne a gefen wata hanya ya tashi da 'yan'uwansu biyu. Tun daga ranar, duk wanda ya sunkuya a bakin titi, ko takalmi zai gyara, idonsu na kansa. Wanda ke kawo mini kayan wankinsu wani kofur ne, magidanci mai furfura ɗai-ɗai a gemu, mai yawan cewa “Sannu da aiki, Mama.” Kofur kawai muke kiransa.

Sai kuma ruwa ya ɗauke. Hukuma tana sako shi daga shida zuwa takwas na safe, unguwannin da ke sama da mahaɗar suna samu, mu da ke ƙasa ko ɗigo. Kowa ya san bututun ya fashe ne a wani wuri kusa da shingen, amma babu ma'aikacin da zai yarda ya matsa can. Kwana goma sha bakwai muna haka. Mai wanki ba ruwa, ku ƙiyasta halin da nake ciki. Kaya sun taru har saman tebur, ni kuma bakina ya koma kan Yaya.

“Kana zaune kana shan shayi, unguwa tana mutuwa da ƙishi,” na ce masa. “Me kunnen yake yi maka? Ado?”

“Na yi ritaya, Auta.”

“Kunnen ma ya yi ritaya?”

“Wurin nan ba wurin durƙusawa ba ne yanzu.”

“Sun san ni, sun san kai yayana ne. Minti goma zai ɗauke ka.”

Haka na yi ta yi, safe da yamma, har kwana uku. Ni na tura shi. Na rubuta wannan a fili domin kada wani ya riga ni faɗa.

Ran nan shida da 'yan mintuna ya fito da sandarsa, domin sai lokacin da ruwa ke gudu a bututu ake jin yoyo, kuma sai kafin motoci su fara wucewa. Ina tsaye a ƙofar gida da baho a hannu ina kallonsa. Abin da ban sani ba shi ne an yi canjin masu gadi da asuba, Kofur ya karɓi tsaron, kuma rana tana fitowa ne ta bayansa, tana dukan idon mai tsaron shingen. Abin da Kofur ya hango shi ne inuwar mutum a gwiwa ɗaya a bakin titi, da dogon ƙarfe manne a kumatu. Na ji an daka tsawa a ce ya tashi. Na ji ta biyu. Na ji ta uku. Yaya kuwa idonsa a rufe, kunne ɗaya cike da auduga, ɗayan yana can ƙarƙashin ƙasa. Na yar da bahon ina gudu ina kiran sunansa, ni ma bai ji ni ba.

Harsashi na farko ya tarwatsa kan katakon a jikin kunnensa. Na biyu ya shiga kafaɗarsa. Da na iso na tarar da shi a kwance, allin ya faɗo daga aljihunsa ya karye biyu. Kofur ya iso da gudu, ya dubi fuskar Yaya, ya dubi sandar, ya dube ni. Su suka kai shi asibiti a motarsu, wannan ba zan hana su ba.

Yaya bai mutu ba. Amma da na shiga ɗakin da aka kwantar da shi washegari, sai na ga ankwa ta haɗa ƙafarsa da ƙarfen gado, soja na zaune a bakin ƙofa. An riga an rubuta rahoto: wai an ga mutum da makami yana shirin binne wani abu, an gargaɗe shi sau uku ya ƙi ji. Likita ya ja ni gefe ya ce nan da mako uku za a sallame shi, amma ba hannunmu za a sallame shi ba. Za a wuce da shi wurin bincike. Mun san wurin nan. Mutum biyu daga layinmu sun tafi can, ɗaya bai dawo ba, ɗayan ya dawo ba ya gane matarsa.

Na ɗaure ɗankwali na fara yawo. Na je hukumar ruwa wurin Injiniya, mutumin da Yaya ya yi wa aiki shekara goma sha biyu, na roƙe shi layi biyu kawai a takarda, ya ce wannan sandar kayan aiki ce. Ya gyara tabarau, ya gyara biro, ya gyara kujera, sannan ya ce, “Hajiya, ai ya yi ritaya, ba mu muka tura shi ba.” Abin da na gaya masa ba zan maimaita a nan ba, amma masinjansa har yau idan ya gan ni tsallaka titi yake yi. Kofur kuwa ya aiko da kakinsa cikin kayan wanki, na zare shi na mayar masa da dattinsa.

Da ƙofofi suka ƙare sai na koma ga wadda ke kusa da ni. Na sayi ruwa jarka biyu, na wanke kakin Kyaftin, shugaban shingen, na yi masa gugar da ban taɓa yi wa kowa ba, na kai masa da kaina. Ya miƙo hannu, na ƙi saki.

“Yallaɓai, kwana nawa rabonka da wanka da ruwan famfo?”

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba. “Mama, me kike so?”

“Yayana ya ce bututun ya fashe tsakanin gangunanku da wancan turken lantarki. Abin da ya zo nema ke nan.”

“Na taka titin nan da ƙafata. Babu ko danshi.”

“Shi ya sa ake sauraro, Yallaɓai. Da ana gani ai da ni ma na gano. Ku kawo shi ya nuna, a haƙa. Idan ɗan ta'adda ne, ina zai san inda ruwa yake?”

Ya daɗe yana kallon kakin da muke riƙe da shi mu biyu. Na lura wuyan rigar da ke jikinsa ya yi baƙi, yaransa kuma kullum suna jigilar jarkoki daga nesa. Can ya ce, “Rami ɗaya. Faɗin ƙofa, ba ƙari. Idan ruwa ya fito, zan yaga rahoton a gaban kowa in rubuta gaskiya. Idan bai fito ba, daga nan mota za ta wuce da shi, kuma kada in sake ganinki.”

Ban san lokacin da na isa asibiti ba. Na faɗa ɗakin ina haki, na tsaya a gefen gadon na fara zuba, Yaya ya ce, “Zagayo ta nan, Auta.” Na zagaya hagu ban kawo komai a raina ba, ai kan nasa naɗe yake da bandeji. Na gaya masa duka.

“Rami ɗaya?” ya ce.

“Kai da ba ka taɓa buƙatar biyu ba.”

Ya dubi silin. “To,” ya ce.

Ranar da aka sa, ban taɓa ganin layinmu haka ba. Ana ɗage doka ƙarfe shida mutane suka ɓarko kamar an buɗe keji. Tsofaffin abokan aikin Yaya guda biyar suka zo da diga da shebur a kafaɗa, wani ma da sandar dogarawa ya zo, ya ce ko ba zai haƙa ba zai yi tsawa. Mata kuwa ba su jira sakamako ba, sun jera bokitai da jarkoki tun daga famfon layi har bakin kwana, har ana rigimar wa ya riga wa. Mai shayi ya kwaso teburinsa ya dawo da shi kusa. Mai aski ya rufe shago ya hau kan katanga. Anti ta zo da 'ya'yanta uku, rungume da tsohuwar sandar da maigidan Yaya na farko ya bar masa, wadda ta shekara ashirin a rataye bayan ƙofa. Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ina gaba ina baya, ina ba da umarnin da babu wanda ya nema.

Motar sojoji ta tsaya, aka sauko da Yaya. Ya rame, hannunsa na dama rataye a wuya, an cire bandejin, kunnen ya tsuke ya yi tabo. Jama'a suka ɗauki sowa, ya ɗaga hannun hagu, sojoji suka ja igiya suka tsayar da mu a bayanta. Kyaftin ya duba agogo ya ce, “Ƙarfe takwas ake ɗauke ruwa. Bismilla.”

Aka yi tsit. Yaya ya toshe kunnen hagu, ya durƙusa, ya manna katako, ya rufe ido. Wallahi daidai haka yake ranar da aka harbe shi. Ya tashi, taku biyar, ya durƙusa. Daga ganguna zuwa turken lantarki taku arba'in ne. Ya kai ƙarshe bai taɓa aljihu ba. Ya dawo. Ya sake komawa. Bakwai ta wuce. Gumi ya jiƙe masa riga, kuma na ga abin da ban taɓa gani ba, tsinin sandar yana rawa a kan kwalta. Ɗaya daga cikin masu haƙa ya sauke digarsa a hankali. Anti ta kama hannuna ta matse har na ji zafi. Direban motar sojojin ya juya ta, ya sa gabanta ya dubi hanyar fita gari.

Bakwai da minti ashirin Yaya ya miƙe, ya zare audugar, ya dubi sojojin ɗaya bayan ɗaya.

“Wane ne ya harbe ni?” ya ce.

Ba wanda ya motsa. Sai Kofur ya fito daga bayan buhunan yashi, idonsa a ƙasa. “Ni ne, Baba.”

“Kafaɗar da ka ɓata ba ta barina in riƙe sandar daidai. Zo ka riƙe. Ka ba wani bindigarka.”

Kofur ya dubi Kyaftin, Kyaftin ya ɗaga kafaɗa. Jama'a suka fara guna-guni, ni ma na buɗe baki, Yaya ya yi mini kallon da ya rufe shi. Ya durƙusar da Kofur a gwiwa ɗaya, ya gyara masa sandar, ya ce, “Za ka ji kamar ana hura wuta a nesa. Kada ka yi zumuɗi. Ka bi shi yana ƙaruwa, yana ƙaruwa. Inda ya fara raguwa, ka dawo baya.” Ya tura masa auduga a kunnen hagu da babban yatsa, ya shafa masa ido ya rufe, kamar yadda ake yi wa mai kwalliya.

Haka suka fara tafiya, sojan yana durƙusawa, Yaya na tsaye a kansa yana karanta fuskarsa. Taku biyar, girgiza kai. Taku biyar, girgiza kai. A na huɗu girar Kofur ta motsa. Yaya ya taɓa kafaɗarsa, ya nuna masa yatsa biyu, wato yanzu taku bibbiyu. Mai askin da ke kan katanga ya fara ba na baya labari da raɗa, raɗar tana bin layi har bakin kwana.

Takwas saura kwata haƙurin Kyaftin ya ƙare. Ganin sojansa a durƙushe gaban jama'a ba bindiga ya fara damunsa. Ya ce, “Ya isa haka. Kofur, tashi.”

Kofur bai motsa ba.

“Kofur, na ce ka tashi.”

Ko gezau. Idonsa a rufe, bakinsa a ɗan buɗe, taku goma kacal tsakaninsa da ubangidansa.

Kyaftin ya cika ƙirji ya daka tsawar da ta sa tsuntsaye suka tashi daga wayar lantarki. “Kofur!”

Mutumin yana nan yadda yake. Kuma a wannan shirun kowa ya gane abin da yake kallo, har sojojin. Mutum a gwiwa ɗaya a bakin titi, dogon ƙarfe a kumatu, an kira shi sau uku bai ji ba. Na ɗaga igiyar na shige, ba wanda ya tare ni.

“Yallaɓai,” na ce, “sau nawa aka kira yayana?”

“Sau uku, Mama,” ya ce, kuma muryarsa ta sauka.

Daidai nan Kofur ya ɗaga hannu, idonsa har yanzu a rufe. Ya ja baya taku ɗaya, ya sake saurara, ya buɗe ido yana haki. “Baba, yana nan. Wallahi yana nan, kamar zai shigo mini kai.” Yaya ya dube shi sosai, ya dubi turken lantarki, ya dubi bakin tsohuwar kwalbati da ke gefen titi, ya zaro alli. Ya zana da'irar nan tasa ya ce, “Nan.”

Kafin ya rufe baki diga biyu sun sauka. Tsofaffin nan da ke kukan ciwon baya suka koma samari. Kwalta ta fashe, tsakuwa ta fito, sai jar ƙasa busasshiya. Ramin ya kai gwiwa, busasshe. Mai sandar dogarawa yana ta tsawa kamar yadda ya yi alkawari. Ya kai cinya, busasshe. Takwas saura biyar. Wani soja ya tuɓe hularsa ya karɓi shebur, Kofur ya faɗa ramin da hannu yake kwasa. Ya kai ƙugu, sai ƙasar ta canja launi. Wani ya ɗebo ya dunƙule a tafinsa, ta dunƙulu, ya ɗaga sama kowa ya gani. Diga ɗaya aka ƙara. Ruwa ya yi tsiri ya wuce kan mutum, ya watsa wa Kyaftin a kakin da na goge masa.

Abin da ya biyo baya ba ya faɗuwa a tsare. Igiya ta tsinke. Mata suna buga bokitai, mai aski ya faɗo daga katanga ya tashi yana dariya, mai shayi yana raba shayi ba ya tambayar kowa komai. Anti ta zube a ƙasa tana kuka, 'ya'yanta sun rufe uban. Ni na tsinci kaina a tsakiyar ruwan, jiƙe sharkaf, ina rawa, mace mai jikoki. Ashe duk kwanakin nan ruwan yana bi ta tsohuwar kwalbatin ne yana tafiyarsa, a ƙarƙashin ƙafar masu gadi. Kyaftin ya ciro rahoton daga aljihu, ya ɗaga, ya yaga shi biyu, ya sake yagawa. Mutum ne mai cika magana, ranar ya rubuta sabo, ya ce harbin kuskure ne kuma wanda aka harba ma'aikacin ruwa ne.

Kofur ya fito daga ramin, laka har gemu, ya durƙusa a gaban Yaya. Sai hawaye. Yaya ya dafa kansa da hannun hagu.

“Kana da kunne,” ya ce. “Ka rage sauri, ka riƙa amfani da shi.”

Ni ban yafe masa a ranar ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na gama yafewa yanzu ba. Amma da ya sake aiko da kakinsa na wanke.

Kwana biyu aka yi ana gyaran bututun. Injiniya ma ya zo da hular kwano yana nuna wa mutane inda za su tsaya, na bar shi da Allah. Safiya ta uku Yaya ya zo gidana, na ajiye masa kujera a tsakar gida kusa da famfo, na ce shi zai fara shan ruwan. Shida da minti goma famfon ya yi tari, ya yi gurnani, ya tofar da iska da tsatsa, sannan ruwa ya ɓarke a cikin bahon ƙarfe da ƙarar da maƙwabta ma sun ji. Na yi tsalle na juyo ina cewa, “Yaya, ka ji shi? Ka ji aikinka?”

Yana zaune taku uku daga famfon, damansa na wajen ruwan, yana kallon wata kaza da ke tona a gindin bango. Bai juyo ba. Mutumin da ke jin keken Baba tun daga wani layi.

Na kashe famfon. Na zagaya na tsaya a gabansa har ya ɗago.

“Tun yaushe?” na ce.

Ya gane. “Tun ranar, Auta. Shiru ne kawai a ciki. Likita ya ce ba zai dawo ba.”

“Sa'a guda da ka yi kana durƙusawa a titi fa?”

“Ina fata ne ko zai tausaya mini.”

“Me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Da na faɗa, wa zai ba kurma rami?”

Na zauna a kan bokiti ta damansa. Maganar da na yi mako uku ina haɗiyewa ta taso. Na ce, “Ni na tura ka, Yaya. Ka ce ba wurin durƙusawa ba ne, na ƙi ji. Ni na jawo maka.”

Ya ga bakina yana motsi. Ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya ja kunnen hagu. “Ta nan ake yi mini surutu. Zagayo ki sake faɗa.”

Na zagayo, na buɗe baki, a karo na farko a rayuwata babu abin da ya fito. Bai matsa mini ba. Ya miƙe, ya je ya buɗe famfon da kansa, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya ɗora tafin hannunsa a jikin bututun inda ya fito daga ƙasa. Ya rufe ido ya daɗe.

“Yana tafiya daidai,” ya ce. “Kawo kayan wankin, kafin takwas.”